Kafin ka matsa wa tsohon kwabo lemun tsami: yadda ƙwararru ke tsabtace sulallan jan ƙarfe

Watannin baya ina latse-latsen waya da daddare sai na faɗa kan wani gajeren bidiyo. Wani ne ya jefa baƙin kwabo cikin kofi, ya zuba masa binega da gishiri, kafin daƙiƙa talatin kwabon ya fito jawur yana sheƙi. Washegari na shiga ɗakin kakata na roƙi tsohon gwangwanin da take tara tarkacenta. A ciki akwai kwabbai masu huda a tsakiya, 'yan 1959, da wasu na 1973. Na zaɓi wanda ya fi kyau, na matsa masa lemun tsami, na barbaɗa gishiri, na dirje shi da tsohon burushin haƙori.

Haske kam ya yi. Sai dai kalarsa ta koma wani irin ja mai fari-fari kamar naman da bai dahu ba. Da na haska shi da fitilar waya na zuƙo da kyamara, sai ga siraran layukan karce ta ko'ina. Tsohuwa ta karɓa ta jujjuya shi, ta ce, "Maigidan, ai ka wanke masa shekarunsa." Bayan 'yan makonni kuma wani koren gari ya fara tsirowa a bakin hudar.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a wannan sana'a duk ɓarnar da na yi ina da tsohon kwafi da zan koma kansa. Kwabo ba shi da kwafi. Abin da asid ya cinye ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa na zauna na bincika yadda masu yin wannan aiki a matsayin sana'a suke yin sa, kuma abin da na tarar ya saɓa wa kusan duk abin da bidiyoyin nan ke nunawa.

Me ya sa jan ƙarfe ke sauya kala?

Jan ƙarfe ba ya zama lafiya da iska. Tun daga ranar da aka buga kwabo, iskar oksijin take fara haɗuwa da samansa, tana yi masa wata siririyar fata. Sabon kwabo ja ne mai sheƙi. Da tafiya ta yi nisa sai ya koma ruwan ƙasa, wani ma ya yi duhu kamar cakulan. Idan ya daɗe cikin ƙasa ko cikin laima, fatar kan koma koriya mai tauri. Masana na kiran wannan fata da suna fatina.

Fitaccen misali shi ne mutum-mutumin 'yanci da ke Niyok a Amurka. Da aka buɗe shi a 1886 kalar jan ƙarfe gare shi, cikin kimanin shekara talatin ya rikiɗe ya zama kore, kuma wannan koriyar fata ce ke kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta har yau.

Abin lura shi ne fatina ba datti ce da ta hau kan kwabo daga waje ba. Saman kwabon ne da kansa ya rikiɗe. Duk wanda ya cire ta, ya cire wani ɓangare na kwabon.

Abin da lemun tsami da burushi ke yi

Lokacin da ake buga kwabo a masana'anta, hatimin ƙarfe ne ke danne shi da ƙarfin gaske, har ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa gefe. Wannan malala tana barin wasu layuka ƙanana da ido ba ya iya rarrabe su. Su ne ke sa haske ya riƙa kewaya sabon kwabo idan ka karkata shi a ƙarƙashin fitila, kamar fanka tana juyawa. Asid yana narkar da waɗannan layuka, kuma babu wata na'ura a duniya da ke mayar da su. Lemun tsami, tsamiya, binega da lemon kwalba duk asid ne ke aiki a cikinsu.

Sai batun karce. Masu kallon bidiyoyin gwada ƙarfin waya sun san ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, sun kuma san gilashin waya kan fara karcewa a mataki na 6. To jan ƙarfe yana wajen mataki na 3 ne kawai. Yashin da ke cikin ƙurar hunturu yana mataki na 7. Ke nan idan ka ɗauki tsumma ka goge kwabo mai ƙura, tamkar ka bi shi da takardar yashi ne. Man goge haƙori, toka da man goge ƙarfe duk da gurza suke aiki. Sun dace da tasa da tukunya, amma ba su dace da kwabon da ake son adanawa ba.

Mafi muni a cikin haɗin nan shi ne gishiri. Za mu dawo kansa, domin shi ne sanadin koren garin da ya fito wa nawa kwabon.

Su wane ne ƙwararrun?

Iri biyu ne. Akwai masu aiki a gidajen adana kayan tarihi, kamar British Museum da ke Landan. Akwai kuma kamfanonin da ke yi wa masu tara sulalla aiki a biya su.

A kasuwar sulalla ta duniya, manyan kamfanoni biyu na Amurka ne suka fi yin suna wajen tantance ingancin sulai da ba shi maki: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da aka kafa a 1987. Suna amfani da ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga maki 1 zuwa 70. Abin sha'awa, saboda tsofaffin kwabban jan ƙarfe na Amurka ya ƙirƙiro ma'aunin tun farko. Bayan an ba sulai maki, sai a rufe shi cikin ɗan akwatin roba mai tauri da lambar shaida a jiki. A 2001 aka kafa NCS da ke garin Sarasota na jihar Fulorida, wanda ɗan'uwan NGC ne, aikinsa kawai tsabtace sulalla da ceto su daga lalacewa. PCGS ma yana da nasa sashen.

Ga jan ƙarfe akwai ƙarin alama bayan maki, wadda ke nuna kala. A tsarin PCGS, kwabon da ya riƙe aƙalla kashi 95 cikin 100 na jan kalarsa ta asali yana samun alamar RD. Wanda ke tsakanin kashi 5 zuwa 95 yana samun RB. Wanda ya koma ruwan ƙasa kuma BN. Mai alamar RD ya fi tsada, wani lokaci ninkin-ba-ninkin. Nan ne shaiɗan ke raya wa mutum ya wanke baƙin kwabo ya koma ja. Amma masu tantancewa sun san bambancin jan asali da jan asid da kallo ɗaya. Idan suka gane an wanke kwabo, ba sa ba shi maki na lamba kwata-kwata. Sai su rubuta a jikin akwatin cewa na gaske ne amma an wanke shi, daga nan farashinsa ya faɗi.

Don ka ga girman abin da ake magana: a 1943, saboda Yaƙin Duniya na Biyu yana cin jan ƙarfe, Amurka ta buga santinta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. 'Yan ƙalilan ne aka buga da tagulla bisa kuskure. Guda ɗaya tak da aka sani daga masana'antar Denba an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Ka yi tunanin irin wannan ya faɗa hannun mai lemun tsami.

Yadda aikin ke tafiya a teburin ƙwararre

Idan ka taɓa zama wurin mai gyaran waya, teburin ba zai yi maka baƙo ba: fitila mai haske, maikiroskof, 'yan kwalaben sinadarai, ƙananan tsinkaye. Koren da kake gani a allon wayar da ta sha ruwa ma ɗan'uwan wanda ke fitowa a kwabo ne, domin hanyoyin wutar allon da jan ƙarfe aka yi su. Bambancin shi ne mai gyaran waya so yake wuta ta bi, ko da ya kankare. Mai adana sulalla kuwa saman ƙarfen shi ne dukiyar.

Matakin farko shi ne dubawa. Ana ɗaukar hoton kowane gefe, a auna nauyi da faɗi, a leƙa shi a maikiroskof. Wasu wuraren suna da na'urar XRF, mai kama da ƙaramar bindiga, wadda ke harba hasken eksire ta faɗi irin ƙarafan da ke cikin sulai ba tare da ta taɓa lafiyarsa ba.

Na biyu shi ne yanke hukunci. Tambayar ita ce: abin da ke jikin kwabon nan baƙo ne da ya hau kansa, ko jikinsa ne? Maiƙo, ƙasa, gam, ragowar salatif da danƙon leda baƙi ne, ana iya cire su. Fatina ta gida ce, ana barin ta. Sau da yawa hukuncin shi ne kada a taɓa komai, a mayar wa mai shi kayansa yadda ya kawo.

Na uku, ana farawa da abu mafi sauƙi. Tataccen ruwa don jiƙa ƙasa ta saki. Idan maiƙo ne ko danƙo, sai sinadaran da ke narkar da su ba tare da cin ƙarfe ba, kamar tsantsar asiton ko zailin. Babban abin da ake yawan kai wa ƙwararru shi ne kwabon da ya daɗe cikin leda mai laushi irin ta PVC. Wannan leda tana fitar da wani koren danƙo mai asid wanda ke cin ƙarfe a hankali. Idan an gano da wuri, asiton yana ɗauke shi. Idan an makara, zai tafi ya bar ramuka.

Na huɗu, abin da ya ƙi fita sai a bi shi da hannu a ƙarƙashin maikiroskof, da tsinken itace ko ƙaya ko burushi mai laushi, ƙwaya-ƙwaya. Kwabo ɗaya kan ci sa'o'i.

Na ƙarshe, a ɗauraye, a busar sarai, a rufe. A gidajen tarihi akan shafa wa tsofaffin sulallan da aka tono wani siririn kaki don kare su daga iska. Wanda ya fi shahara, Renaissance Wax, a ɗakin binciken British Museum aka haɗa shi a shekarun 1950. Sulallan da za a kai a ba su maki kuwa ba a shafa musu komai.

Akwai abubuwan da ƙwararre na gaskiya ba ya yi: ba ya cike rami da ƙarfe, ba ya sake zana hoton da ya goge, ba ya rina kwabo don ya yi kama da tsoho ko sabo. Masu yin haka suna ne daban gare su a kasuwar, kuma ba na yabo ba ne.

Ciwon tagulla

Kore iri biyu ne a jikin jan ƙarfe, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin ilimin. Akwai mai tauri, mai santsi, mai duhu, wanda ya manne da ƙarfe. Wannan fatina ce, a bar ta. Akwai kuma mai haske, mai kama da garin alli, wanda ke zubowa idan an taɓa shi da tsinke. Wannan shi ake kira ciwon tagulla.

Sinadarin kuloraid ne ke jawo shi, wato wanda ke cikin gishirin miya da gumin hannu da ruwan teku. Idan ya shiga jikin jan ƙarfe ya haɗu da laima da iska, sai ya haifar da asid. Asid ɗin ya ci ƙarfe, ya sake haifar da wani kuloraid ɗin, a haka abin yake ta kewayawa har kwabo ya zama rami-rami. Kamar manhaja ce da ta shiga madauki marar ƙarshe tana cinye ma'adanar waya. Da na barbaɗa wa kwabon kakata gishiri bayan asid ya tuɓe masa fata, da hannuna na dasa masa wannan ciwo.

Maganinsa yana buƙatar haƙuri. Ana fara cire garin da tsinke, sannan a jiƙa kwabon makonni cikin ruwan wani sinadari ɗan'uwan bakar hoda, ana sauya ruwan har kuloraid ɗin ya ƙare. Tun 1967, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Brinch Madsen ya gabatar da shi, ana kuma amfani da sinadarin BTA, wanda ke yi wa jan ƙarfe wata siririyar riga da ke tsayar da cin. BTA ba abin wasa a ɗaki ba ne, da safar hannu da wurin da iska ke ratsawa ake aiki da shi. Bayan magani, sai a ajiye kwabon a inda laima ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba, domin ciwon kan dawo idan ya samu danshi.

Darasi daga wata gona a Ingila

A watan Afrilun 2010, wani mutum mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona kusa da garin Frome a yankin Somaset, sai ya ci karo da tukunyar ƙasa cike da sulallan Rumawa. Da aka ƙirga, guda 52,503 ne, nauyinsu ya kai kilo 160, yawancinsu tagulla ce mai ɗan surkin azurfa daga ƙarni na uku. Abin da ya sa ake yabonsa shi ne da ya gane abin da ya samu, sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya kira masana. Su suka kwashe sulallan hawa-hawa, aka kai su British Museum, aka shafe makonni ana ɗauraye su da busar da su kafin a fara nazari. Daga baya aka yi wa tarin kuɗi fam 320,250. Babban aikin da mutumin nan ya yi shi ne riƙe hannunsa.

To namu kwabban fa?

Mu ma muna da namu a gwangwanayen tsofaffi. Kalmar kwabo kanta ana danganta ta da sunan jan ƙarfe a Turanci. A zamanin mulkin mallaka an yi anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya da rubutun Larabci a ɗaya gefen. Na farko-farkon farare ne, daga 1952 aka koma buga su da tagulla. Kwabo da ɗarin Tarayyar Najeriya na 1959 ma tagulla ne. Da aka shigo da naira ranar 1 ga Janairun 1973, rabin kwabo mai hoton auduga da kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin mai su ma da tagulla aka yi su.

Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce yawancin waɗannan an buga su da yawan gaske, don haka wanda ya sha hannu ba shi da wani farashin a zo a gani. Kuɗin aika shi Amurka da ladan aiki za su ninka darajarsa sau da yawa. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa zai sayi kwabon 1973 a kan miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin rajista, ka san inda ya dosa. Wanda ke da ɗan farashi shi ne wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, wanda ya riƙe jan kalarsa ta asali, kuma shi ne wanki ya fi yi wa illa. Sauran kuwa darajarsu ta tarihi ce da ta gida: da irinsu aka biya haraji, da irinsu aka sayi goron auren kakanninmu.

Idan kuwa a ƙasa ka tono abu, a gona ko wurin haƙa tushen gini, kada ka wanke shi. Ka tuntuɓi gidan tarihi mafi kusa da kai, kamar Gidan Makama a Kano. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da hurumi a kan irin waɗannan kaya, kuma fitar da kayan tarihi waje ba da izininta ba laifi ne.

Abin da za ka iya yi da wayarka da 'yan kayan aiki

Fara da hoto. Ɗora kwabon a kan tsumma mai laushi kusa da taga, ka kashe filashi, ka ɗauki gefe biyu. Idan wayarka na da kyamarar ɗaukar abu kurkusa, yi amfani da ita. Sannan ka haska shi daga gefe da fitilar wata wayar kana juya shi: layukan karce da ke bin hanya ɗaya alama ce an taɓa goge shi. Ƙaramin maikiroskof mai USB da ake haɗawa da waya zai nuna maka ko koren da ke jiki gari ne ko fata.

Nemi sunansa a shafin Numista, inda za ka ga shekara, nauyi, faɗi da irin ƙarfen kusan kowane sulai. Gwada da ƙaramin sikeli mai auna har 0.01 na giram. Misali, santin Amurka na tagulla giram 3.11 ne, na tutiya mai rufin jan ƙarfe da aka fara a 1982 kuma giram 2.5. Maganaɗisu ma yana tona asiri: jan ƙarfe da tagulla ba sa manne masa, don haka santin 1943 mai kalar ja da ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Manhajojin da ke faɗin farashi daga hoto kuwa, ka ɗauki maganarsu a matsayin hasashe. Idan za ka sayi sulai da ke cikin akwatin roba, duba lambarsa a manhajar NGC ko PCGS. Tun 2020 akwatunan PCGS suna ɗauke da guntun NFC da za ka kara wa bayan wayarka.

Wajen riƙewa, ka kama shi ta gefe. Zanen yatsa kan zauna a jikin jan ƙarfe har abada. Kada ka yi magana ko ka hura iska a kansa, domin ɗigon yawu kan zama baƙin tabo.

Idan ƙasa ce ta manne kuma kwabon ba mai tsada ba ne, iyakar abin da za ka yi shi ne jiƙa shi cikin tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata. A kula, ba asid ɗin da ake kira ruwan batir ba. Ka bar shi ya kwana, ka ɗauraye, ka ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe ba tare da gogewa ba. Maganin cire jan farce ba tsantsar asiton ba ne, akwai turare da mai a ciki, kada ka kusantar da shi. Na'urar wanki mai girgiza ruwa da ke shagon gyaran waya ma a bar ta, tana iya ɓantare fatina.

Wajen ajiya, kowane kwabo da nasa gida. Ka guji leda mai laushi mai warin sabon labulen roba, da jarida, da robar ɗaure kuɗi, domin tana fitar da sinadarin da ke baƙanta jan ƙarfe. Ka sa su cikin mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, ka jefa 'yan ƙullin silika jel ɗin da ke zuwa cikin kwalin sabbin na'urori da takalma. Da damina ka riƙa leƙa su. Wanda ka ga yana fitar da koren gari, ware shi daga sauran nan take.

Kwabon da na wanke yana nan cikin wata kwalba shi kaɗai da ƙullin silika jel biyu. Na cire garin da tsinken sakace, ya zuwa yanzu bai dawo ba, amma ɗan ramin da ya bari a bakin hudar yana nan. Sauran goma sha ɗaya na ɗauki hotunansu, na rubuta shekara da nauyin kowanne, na mayar wa tsohuwa da su baƙaƙe kamar yadda ta ba ni.